Za mu kai yara filayen wasa na Dubai, me zan zuba a akwati?

"Assalamu alaikum Anti. Daga Marwa nake rubuto miki. Maigida yace hutun Disamban bana da mu zai tafi Dubai, shi yana sarin kayansa mu kuma mu kai yara wuraren wasan nan masu lilo da jiragen gudu. Yarana huɗu, babban shekara 11, sai mai 8, sai mai 5, sai ta goye wata 18. Kwana 9 zamuyi. Ban taɓa hawa jirgi da yara ba, tun yanzu na cika valiz uku kuma ban gama ba. Dan Allah me zan ɗauka me zan bari?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kaimu lokacin da rai da lafiya. Valiz uku tun yanzu, ai sai da nayi dariya dan nima haka nayi a tafiyata ta farko, har tabarya kaɗai ce ban ɗauka ba. Ni aikina kenan a nan Garwa, yankar tikiti da neman biza da raka iyalai, na kai yara wuraren nan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, nawa da na mutane. In na fahimce ki tambayar taki biyu ce a haɗe, akwai abinda zai shiga akwatin da za'a jefa cikin jirgi, akwai kuma abinda zaki rataya a bayanki ranar da kuka shiga filin wasa. Kowa na farkon yake damuwa dashi, alhali na biyun shine tafiyar gaba ɗaya. Akwati a ɗakin otel zai kwana ya wuni, ke kuma kina can tsaye a layi awa guda da yarinya a kafaɗa, abinda ke cikin jakar goyonki shi kaɗai kike dashi.

Kafin ki sake taɓa akwati

Ki aro tef ɗin tela ki jingina yaran nan da bango ki auna tsayinsu, da takalmi a ƙafa, ki rubuta a waya. Wuraren nan ba kasafai suke tambayar shekaru ba, tsayi suka fi dubawa, a bakin kowane lilo akwai sanda mai santimita kuma ma'aikacin bazai ji roƙo ba ko kukan jini yaron zaiyi. Wani lilon daga santi 100 da 'yan kai ne, wani 120, masu tsananin gudu har 140. Wannan awon shi zai faɗa miki filin da ya dace da kuɗinku. Legoland na Dubai an yi shi ne dan yara masu shekara 2 zuwa 12, kinga manyan naki uku sun shiga ciki. Motiongate yana kusa dashi a wajen Jabal Ali, duka a 2016 aka buɗe su, shi yafi dacewa da babban naki da mai 8. IMG Worlds of Adventure a rufe yake ruf da na'urar sanyi. In kuka miƙa Abu Dabi, tafiyar kamar awa ɗaya a mota, a tsibirin Yas akwai Warner Bros World shima a rufe, da Ferrari World inda jirgin nan Formula Rossa yake mai gudun kilomita 240 a awa, har tabarau suke ba mutum ya saka kafin ya hau. Wannan kam na maigida ne in yanada zuciya. Global Village kuma kasuwa ce da wasa a haɗe, sai da yamma ake buɗewa, kuma lokacin sanyi kaɗai take ci, daga wajen Oktoba zuwa bayan Afrilu, to kun taki sa'a zaku same ta.

Me yasa na fara da wannan? Dan kayan filin da yake a waje daban, na rufaffe daban, na wurin ruwa daban. In baki san inda zaku ba sai ki kwashi komi, shine kika ga valiz uku.

Sai takardu. Kowane yaro da faspo ɗinsa har ta goyen, kuma ya zama da sauran aƙalla wata 6 kafin ya mutu. Namu na Kamaru shekara 5 yake yi, sai mutum ya manta, na sha ganin wanda sai ana saura sati tafiya yake buɗe faspo yaga ya kusa ƙarewa. Katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, kowa da nasa, ana yiwa yaro daga wata 9 kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rai, kar wani yace miki sai an sake. Takardar haihuwar yara ki haɗa. In ya zamana maigida zai rigaku tafiya ko zai tsaya ku ku dawo, a yi takardar amincewarsa a buga mata hatimi a hukuma, dan uwa ita kaɗai da yara huɗu a bakin iyaka tambaya zata sha. Ku 'yan Marwa yawanci ta Kusiri kuke tsallaka gadar Ngeli ku tashi a Njamena dan yafi muku kusa akan gangarawa Yawunde ko Duwala, to kinga sai kin tsallaka iyakar Cadi kafin ma ki ga jirgi. Duk takardun nan a jaka ɗaya ta roba mai zif, a jikinki, ki ɗauki hotonsu a wayarki da tasa.

Akwatin jirgi

Disambar Dubai kamar hunturun Marwa ce ba ƙurar, da rana wajen digiri 25, da dare ya sauka kusan 15 ga iskar teku. Da Agusta kikace da wata magana zan miki daban, dan zafinsu na lokacin ya haura 40 ga gumi mai danƙo, ba irin busasshen zafinmu na Maris da Afrilu ba da zaka shiga inuwa ka samu sauƙi. To a Disamba kowane yaro rigar sanyi ɗaya mai zif, ba jibgegiya ba, wadda za'a iya ɗaurawa a ƙugu. Zata yi aiki sau uku, a jirgi, a filin jirgin Addis Ababa in ta can kuka bi dan garin kan tudu yake sanyinsa na dare ba wasa, sai kuma cikin rufaffun filayen nan da sanyin na'urarsu ke sa yaranmu haƙora na kaɗawa.

Kaya kala biyar ga kowane yaro sun isa kwana 9, ki saka garin sabulu kaɗan a leda ki dinga wanke na ciki da dare a banɗaki. Shaddodi da lesuka da kayan sallar nan da nasan sune suka cika valiz ɗinki, ki zaɓi kala ɗaya-ɗaya na hoto da na Juma'a ki mayar da sauran cikin sif. Ki tuna inda zaki, garin da 'yan kasuwarmu ke saro kayan yara ne, kuma nasan bazaki dawo hannu rabbana ba, ga tsarabar dangin miji ga ta maƙwabta. Yawancin jiragen da muke bi akwati 2 suke ba mutum, kowanne kilo 23, da jakar hannu kilo 7, amma ki duba abinda aka rubuta a tikitinku dan shine hujja, ita ta goye da bata da kujera rabonta kaɗan ne. Ki tafi da rabin wurin a fili. Ni akwati nake sakawa cikin akwati in zan tafi.

Wani abu da na koya da wahala, kar ki ware akwati kice wannan na wane ne wannan na wance. Ki gauraya, kowane akwati a samu kala biyu na kowa. Akwai shekarar da na raka wasu iyali, akwati ɗaya ya maƙale a hanya sai bayan kwana uku ya iso, kuma shine mai kayan 'yan biyunsu duka har takalma, yaran nan da rigunan yayyensu suka yi yawo an nannaɗe hannu, uwar tana ta faɗa da ni kamar ni na tuƙo jirgin. Tun daga ranar kuma kowa sai ya saka kala ɗaya a jakar hannu.

Takalmi shine inda iyaye mata suke kuskure, a sayo sabo dal dan tafiya. A filin wasa zakuyi tafiyar ƙafa daga safe har dare, kilomitoci ba tare da kin sani ba, sabon takalmi kafin azahar ya yiwa yaro kanta ya fara kuka a ɗauke shi. Tenis ɗin da suke zuwa lakwal dashi, wanda ƙafa ta saba, shi zaki wanke. In dole sai sabo to a fara sakawa tun yanzu. Kema haka Hajiya, ki aje mai tsini. Silifas na roba guda-guda dan wurin ruwa da alwala, amma kar a hau lilon da ƙafa ke reto da silifas, zai faɗo.

Maganar suturarki ke. Abaya ko doguwar riga ba matsala, wurin cike yake da mata masu hijabi, amma ki saka wando a ciki dan hawa da sauka, kuma gyale mai yawo ki barshi, ki samu ƙaramin hijabin nan mai shiga kai wanda baya buƙatar fil, ki cusa bakinsa cikin riga. Maigida ma ki faɗa masa babbar riga da hula ba na wurin bane. Wani Alhaji da muka je dashi, an ce ya cire hula yace shi tun yana saurayi ba'a ga kansa a waje ba, jirgin yana juyawa sama hular nan zanna bukar mai tsada ta tashi kamar tsuntsu, muna ƙasa muna kallo ta faɗa can cikin ƙarafa inda ba mai shiga, ya sauko yana dafe da sanƙo yaransa suna ta ƙyaƙyata dariya. In zaku wurin ruwa irin Aquaventure ko Yas Waterworld, basa bari a hau zamiya da kayan gida, sai kayan ninƙaya, akwai na mata mai rufe jiki duka har kai kuma sun yarda dashi, a can zaki fi samunsa da sauƙi. Ita ƙaramar akwai pampas na musamman na ruwa, na kullum kumbura yake ya fashe.

Buta kuma ki barta a gida, nasan tana cikin lissafinki. Banɗakunansu akwai tiyon tsarki, kuma filayen nan sunada masallacin maza da na mata da wurin alwala.

Magani, nan ki natsu

Wannan ba wurin wasa bane. Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take ciki, tana da tsanani sosai akan ƙwayoyi, tramol da ake sayarwa a gefen hanya a nan kamar alawa, can yana iya kai mutum kurkuku, haka maganin tari mai kodin da magungunan barci. Wanda likita ya ɗora shi akan irin waɗannan sai da takardar likita da izinin ma'aikatar lafiyarsu tun kafin a tashi. Ki zazzage jakar maigida da taki kaf, har aljihun gefe, ki tabbatar ba wani tsohon fale da aka manta. Kuma dan girman Allah kar ki karɓi saƙon kowa a ƙulle, ko ƙanwar babarki ce, a buɗe a gabanki ko a barshi. Garin magani na gargajiya a ƙullin leda ba suna ba takarda shima ki haƙura dashi, ba zaki iya yiwa jami'in kwastan bayanin menene ba.

Abinda zaki ɗauka, parasitamol na ruwa na yara, gishirin zawo irin na fakiti, filasta, man shafawa dan iskar can da sanyin na'ura suna busar da fata, da duk maganin da wani yaro yake sha kullum, kowanne a cikin kwalinsa na asali. Ni ba likita bace, to kafin tafiya ki kaisu asibiti a duba su, ki tambayi likitan ko zai rubuta miki maganin zazzaɓin cizon sauro ki riƙe. Dalili, yaro zai iya ɗaukar cutar a Marwa ta tashi a Dubai, in haka ta faru kuka je asibiti ki buɗe baki ki faɗa musu daga ƙasar sauro kuka zo a gwada jini, in ba haka ba mura zasu fara zato. Asibitin can tsada gareshi, inshorar tafiya kar a yi mata rowa.

A jakar hannu duk wani abu mai ruwa kar ya wuce mil 100, banda madarar jariri da magani da sukan bari bayan sun duba. Humra da turarukanki a akwatin ƙasa, ki naɗe murfin da leda ki ɗaure, kwalbar humra ɗaya in ta fashe kowa a gidan ƙamshin amare zaiyi har ku dawo. Fawa banki kuma akasin haka, a jakar hannu kaɗai ake yarda dashi, in aka ganshi a akwatin ƙasa zasu cire.

Jakar goyo ta ranar wasa

To ga inda nake so ki kashe hankalinki. Jaka ɗaya mai hannu biyu ta goyo, ba jakar rataye ba da zata karya miki kafaɗa, kuma kar ta cika nauyi dan a ƙofa za'a buɗe a bincika, wasu lilon kuma dole ki barta a loka ko hannun wanda bai hau ba. A ciki, pampas shida da lenjet na goge jiki, kala ɗaya na ƙaramar da na mai shekara 5 har da kamfai dan layin banɗaki baya jiran yaro, ledoji biyu uku na jiƙaƙƙun kaya da amai, eh amai, lilo mai juyawa bayan an ci abinci sai Allah. Gorar ruwa, hular rana, rigunan sanyin nan, fawa banki da igiyar caji saboda tikitin ma a waya yake kuma hoto zai cinye batir kafin la'asar. Sai zani ɗaya na atamfa, wannan ban taɓa shiga filin wasa babu shi ba, shine goyo, shine abin shimfiɗar canza pampas, shine mayafin yaro in yayi barci, shine labulen shayarwa, in ta kama shine sallaya.

Duk da zanin ki tafi da keken turawa na yara, puset ɗin nan mai naɗewa. Jirgi yana karɓarsa kyauta, sau da yawa har bakin ƙofar jirgi zaki tura. Akwai na haya a filayen amma kuɗi ne kullum, kuma na haya a ƙofa zaki mayar ki fito da yarinya mai barci a hannu kuna neman taksi. Kuma zaki gani da idonki, wajen ƙarfe biyar mai shekara 5 ne zai kwanta a ciki, ƙaramar ta koma baya.

Abinci, yawancin filayen Dubai basa bari a shiga da na waje sai na jarirai da na mai larura, kuma na ciki tsada kamar me. Dokar kowanne tana shafinsu na intanet kuma sukan canza, ki duba ana gobe zaku. Abinda nake yi, a cika ciki da safe a masauki, a ci sau ɗaya a ciki, da dare a dawo Deira inda 'yan kasuwarmu ke sauka a ci shinkafa mai araha. Garin kunu na ƙaramar da yaji ɗan kaɗan a roba mai murfi ki zuba a akwati, zasu cece ki ranar da yara suka ƙi abincin can. Daddawa dai ki rufa mana asiri. Kuma in kun shiga jirgin ƙasan cikin gari, metro, ba'a ci ba'a sha a ciki ko cingam, tara ce, ki karɓe biskit daga hannunsu tun a ƙofa. Akwai taragon mata da yara, babban naki zai iya bin babansa.

Ɓatan yaro, Allah ya kiyaye, amma Disamba lokacin cunkoso ne kuma Global Village da dare mutane kamar ƙasa. Kowace safiya kafin ku fita ki ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa, in ya ɓace hoton zaki nuna ba ki tsaya kina tuna kalar riga ba cikin ruɗewa. Ki rubuta lambar waya da sunan otel a takarda ki saka a aljihunsu, mai 5 ɗin ki rubuta masa da biro a damtse. Ki saya musu riguna kala ɗaya mai ɗaukar ido. Yaranmu Faransanci da Hausa da Fulatanci suke ji, can kuma Turanci da Larabci ne, to ki nuna musu kayan ma'aikata tun a ƙofa kice in baka ganni ba ka je wurin mai irin wannan rigar ka miƙa takardar, kar ka fita ƙofa. Lambar da zaki rubuta ta zama layin can, ku sayi sim a filin jirgi, dan kiran WhatsApp na murya da bidiyo baya tafiya a Dubai, saƙo kaɗai ke shiga, manhajar Botim suke amfani da ita wajen kira. Ki faɗawa su Inna a gida tun yanzu kar su ɗauka wani abu ne ya faru, kuma awa 3 suka fimu, in sun kira bayan isha'in Marwa ku dare ya raba.

Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Ingila, namu mai tsinke biyu irin na Faransa baya zama, ki nemi adafta biyu da doguwar igiya mai baki da yawa guda ɗaya kowa ya jona. Kuɗi kuma sefa bata da kasuwa a can, a canza zuwa yuro ko dala tun a gida, yuro ɗaya sefa 656 ne a farashin hukuma, dala ɗaya kuma dirhami 3.67 kullum dan a ɗaure suke. Orange Money da MoMo ki ɗauka babu su, katin banki na Visa shi ake so, a je banki a tabbatar an buɗe shi na waje kafin tafiya. Tikitin filayen ku saya ta intanet, ya kan fi na bakin ƙofa sauƙi, kuma ana samun na fili biyu a haɗe.

Iyakar sanina Dubai da Abu Dabi ne, sai Disneyland ta Faransa da naje sau biyu, itama in wata rana ta kama ku sani sanyin Disambarta wani abu ne daban kuma kilishi ko wani nama baya shiga Turai ko kaɗan, a filin jirgi zasu karɓe. A kwana 9 ɗin naku kar ku wuce fili uku ko huɗu, rana ɗaya wasa rana ɗaya hutu da kasuwa, in ba haka ba a rana ta huɗu ke da yaran duk kuka zakuyi. Ki auna su yau ki turo min tsayin kowa da ranar da zaku sauka, sai in faɗa miki wanne zaku fara dashi.